Shirun Bashmuhandis Fu'ad

Unguwar Ainu Shams ce ta fara karɓata a Alƙahira, kuma ba karɓar arziki ta yi mini ba. Na sauka a shekarar 2012 da jaka ɗaya da takardar wani mutum da ya rantse mana a Funtuwa cewa gurbin karatuna yana nan yana jirana. Da na kai takardar ofishin ɗalibai, ma'aikacin ya juya ta gaba da baya, ya kira abokinsa ya nuna masa, suka yi dariya, sannan ya miƙo mini abata ya ce, "Ma'alish." Kalmar Misirawa ta farko da na koya ke nan. Tana nufin yi haƙuri, tana nufin ba komai, wani lokacin kuma tana nufin tashi ka ba mu wuri. Lambar wayar mutumin Funtuwan nan kuwa har yau ba ta shiga.

Ni da na ajiye aikin koyarwa a firamare, na bi dangi gida-gida ina sallama, da wane ido zan koma? Sai na maƙale. Malam Tukur, wani Basakkwace da ya shekara bakwai yana karatun fiƙihu, shi ya tsince ni a masallaci bayan la'asar ina zaune kamar an dasa ni. Bai tambaye ni dogon labari ba. Ya kai ni ɗakinsu a hawa na shida, ya ba ni katifa da bargo, ya ce in ci abinci tukuna. Wata huɗu ina cin wake da gurasa safe da rana, har na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka. In na fita na yi Larabcin littafi wajen mai tumatir, sai ya saurare ni tsaf har in gama, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Sadaƙallahul azim," 'yan kasuwa su kwashe da dariya. Na sha jin haushi, na sha kewar gida, amma na koyi yaren titi a dole.

Daga nan sai unguwar Dokki. Na sami aikin shara da dafa shayi a wani ofis, har ranar da aka rufe shi ba tare da an gaya wa kowa ba. Mai gadin ginin, wani baƙin dattijo mutumin Aswan da ake kira Ammu Sabir, shi ya gan ni tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ya ce, "Ya ibni, ɗana, kana da haƙuri da tsofaffi?" Na ce a gidan kakana na tashi. Ya rubuta mini adireshi a bayan kwalin sigari, ya ce in je unguwar Mohandessin.

Can na haɗu da Bashmuhandis Fu'ad. Haka Misirawa ke kiran babban injiniya, kuma shi ɗin babba ne, gadoji ya yi ta ginawa har ya yi ritaya. Shekararsa saba'in da tara. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo, Doktora Nahla, tana koyarwa a Kanada. Shekara guda kafin zuwana shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ta tafi da hannun dama da ƙafar dama, ta kuma kwashe masa magana kaf, ta bar masa kalma ɗaya tak. Kun san wace ce? Ma'alish. In ruwa yake so, ma'alish. In bayan gida ne, ma'alish. In na taka masa ƙafa, ma'alish, in na gyara masa filo ma haka. Ranar farko na ce a raina, wannan kalma dai bina take yi.

Aikina wanka, sutura, magani, tura keken guragu. Ina ganin ido ne kawai ke motsi a jikin mutumin, kuma gaskiya ni ma na ɗauka babu kowa a ciki.

Sai ranar Talata ta zo. Bayan azahar aka buga ƙararrawa, mutum biyu suka shigo kamar gidansu. Na farko Mustashar Adil, tsohon alƙali, dogo, da kwat da sanda, murya kamar yana yanke hukunci ko da shayi yake nema. Ta biyu Madam Zizi, 'yar tsohuwa guntuwa mai jan baki da tabarau a rataye a wuya. Shekara talatin suna wasan karta da ake kira birij a gidan nan duk Talata. Na huɗunsu ya koma wajen 'ya'yansa a Iskandariyya, teburi ya zama mai ƙafa uku.

Madam Zizi ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ya Habib, ka iya ƙirga har goma sha uku?"

Na ce, "Madam, lissafi nake koyarwa a garinmu."

"Khalas, shi ke nan. Zauna."

Da na gaya wa Malam Tukur, sai da ya ajiye littafinsa. "Karta, Malam Habibu? Daga Funtuwa ka taso neman ilimi ka ƙare a karta?" Na rantse masa ko sisi ba ya hawa teburin, fensir ne da takarda. Ya girgiza kai ya ce, "To, ka dai kiyaye la'asar."

Ga yadda abin yake. Mutum huɗu, biyu-biyu, abokin wasanka yana fuskantarka. Kowa kati goma sha uku. Kafin a jefa ko ɗaya, sai an yi tayi, kamar a kasuwa: kowane ɓangare yana faɗin ci nawa zai iya yi, da kuma irin katin da yake so ya zama sarki a kan sauran. Iri huɗu ne, amma biyu kawai za ku riƙe mini: kur, mai zanen zuciya, da tirefil, mai zanen ganye uku. Tayin ba da baki ake yi ba. Kowa yana da ɗan akwati a gefensa cike da katunan tayi, sai ka zaro ka ajiye a gabanka. Kore yana nufin na wuce. Ja kuwa, wanda suke kira kontra, yana nufin ƙarya kake, ba za ka iya cika abin da ka taya ba, kuma in ka faɗi hukuncinka ya ninka.

Na kafa wa Bashmuhandis katunansa a kan wani katako mai tsaga, na koma mazaunina ina fuskantarsa, don shi ne abokin wasana. Sai na ga hannun hagun nan ya miƙa, ya zaro katin tayi, ya ajiye tsaf. Ikon Allah! Madam Zizi ta raɗa mini, "Ya ce maka yana da kur biyar aƙalla, da ƙarfin buɗe wasa." Aka zagayo, ya sake ajiye wani. "Yanzu ya ce shida ne, kuma ƙarfin nasa daidai ne, kada ka yi zari." Da aka baje katunan, wallahi haka suke, ba ragi ba ƙari. Mutumin da na yi kwana shida ina wankewa kamar jariri, ashe yana nan zaune daram a cikin kansa, kuma yana da harshe, a cikin ɗan akwati yake. Ranar nan da na tura shi ɗaki sai na ji kunyar yadda nake masa magana da ƙarfi kamar kurma.

Na koyi wasan da zafi, don shi kaɗai ne hirar da nake iya yi da maigidana. Wata shida ina jin abin da yake faɗa, yana jin nawa. Abu ɗaya ne ya gagare ni, shi ne katsalandan. A birij abokan hamayya ba sa zuba muku ido kuna hira. Kana buɗewa, sai na hagunka ya faɗo da nasa tayin ya tsinka muku zance. Mustashar Adil kuwa gwanin wannan ne, kuma a haguna yake zama.

Ni ɗan mai sayar da hatsi ne. A rumfar babana na tashi, inda in babba ya sa baki a ciniki, kai yaro sai ka ja baya har ya gama. Shiga cinikin wani abin kunya ne a wajenmu, balle na dattijo. Ga shi Mustashar ya girmi mahaifina, kuma shi ya zauna da hannunsa ya rubuta mini wasiƙar da ta sa aka karɓe ni a wata cibiyar koyon Larabci, na sami takardar zama. Wannan mutumin zan ɗaga wa jan kati in ce masa ƙarya yake? Ina! Da ya sa baki, sai hannuna ya tafi kan kore da kansa. Madam Zizi ta yi faɗa har ta gaji. "Ya Habib, nan ba kotu ba ce!" Ni dai sai in yi murmushi in sunkuyar da kai.

Doktora Nahla ta zo hutu a farkon 2014. Mace ce mai kirki, amma a gajiye take da tsoro. Ta kai mahaifinta wajen wani likita, ya tambaye shi yau wace rana ce, wane gari muke, ya sunan 'yarka. Amsa ɗaya ya samu sau uku. Likitan ya ce ƙwaƙwalwa ta tafi. Da muka ce ai yana wasan birij, ya ce wannan hannu ne ke tunawa, kamar mai ɗaure igiyar takalmi. Ta fara maganar wani gidan kula da tsofaffi can bayan gari, a rufe gidan Mohandessin.

Ranar Talata ta tsaya a bayan kujerar babanta tana kallo. Na buɗe da kur ɗaya. Mustashar ya faɗo da tirefil biyu. Bashmuhandis ya ajiye kore. Madam Zizi kore. Ni kuwa na ce a raina, babba ya yi magana, maigidana ya yi shiru, ni wane ne? Na ajiye kore, tayi ya mutu.

Ban taɓa ganin abin da ya biyo baya ba. Tsohon nan ya kai wa akwatin tayi duka da hannun hagu, katuna suka watse har ƙarƙashin kujeru. Yana kallona, jijiyar wuyansa ta miƙe, hawaye na zuba, yana ihu, "Ma'alish! Ma'alish! Ma'alish!" Doktora Nahla ta toshe baki ta shige ɗaki. Ina jin ta tana cewa a waya, "Hannunsa cike da manyan katuna ya ce ya wuce, sannan ya hau duka. Baba ya tafi."

Madam Zizi ta tsince katunansa ɗaya bayan ɗaya, ta ja ni baranda, ta baje mini su a kan tire. Tirefil biyar, manya-manya.

"Ka ga abin da ka yi?"

Na ce, "Madam, shi ya ce ya wuce. In yana da waɗannan, me ya hana shi ɗaga jan da kansa?"

"Don a wannan gurbin jan nasa wata magana ce daban. In shi ya ɗaga, cewa yake: ina da sauran iri biyun, zaɓi ɗaya. Haka suka tsara da marigayiya matarsa tun kafin a haife ka, haka kuma na koya maka, ba ka ji ba ne. To in abin da yake so shi ne ya kama Adil a tirefil, yaya zai yi?"

Na yi shiru.

"Yawwa. Haka zai yi, shiru. Ya wuce, ya jira tayi ya zagayo gare ka. Kai da kake da tirefil ɗaya tak, kai za ka ɗaga ja, ma'ana abokina, faɗi abin da kake so. Shi kuma sai ya sake wucewa, jan ya zauna a wuyan Adil. Rami ya haƙa, ya ba ka amanar murfin. Mutumin da duniya ta daina saurara ya yi maka shiru don ya yarda kai za ka ji, kai kuma ka tsaya girmama Adil."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na tsaya ina kallon motoci a ƙasa, ina jin kaina ƙaramin mutum. Ladabin da nake taƙama da shi ne ya sa 'yar mutum ta ɗauka ubanta ya haukace.

Doktora Nahla ta koma Kanada, ta ce za ta dawo lokacin zafi ta kammala takardu. Na je na durƙusa gaban kekensa na ce, "Ya Bashmuhandis, na gane. Ka yafe mini." Ya kau da kai. Kwana uku ba ya karɓar shayi daga hannuna sai na ajiye a tebur.

Watannin nan na yi su ne ina koyon abu ɗaya: in an katse mu, in tsaya in ƙirga kafin in ja baya. Ranar da na fara ajiye wa Mustashar jan kati, sai da na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni." Ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Wanda ya ƙi ɗaga mini ja shi ya rena ni, ya ɗauka ba zan iya ɗauka ba." Ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Doktora Nahla ta dawo a watan Yuli da takardar gidan tsofaffin a jaka, saura sa hannu. Madam Zizi ta roƙe ta Talata biyu. Ta farko ta wuce salin-alin, babu hannun da ya nuna komai, Doktora tana zaune a bayansa tana duba waya. Ta biyu ma har na yi la'asar na dawo ba labari. Fanka na juyawa, shayi ya huce, gobe za ta kai takarda.

Aka raba. Na duba hannuna: kur biyar, tirefil ɗaya tak. Na buɗe da kur ɗaya. Mustashar ya zaro tirefil biyu ya ajiye da ƙarfi, kamar kullum. Hannun hagun nan ya miƙa a hankali, ya ajiye kore. Na ji Doktora ta sauke numfashi, na ji ƙarar zif ɗin jakarta. Madam Zizi kore.

Saura ni. A wasan nan haramun ne ka karanci fuskar abokinka, don haka ban ɗaga kai ba, tebur na ƙura wa ido. In shirun nan na wofi ne, jan katina zai tilasta masa yin tayi da hannun banza, a yi mana kaca-kaca a gaban 'yarsa, ni na ƙarasa shi ke nan. Sai na ƙirga. Tirefil goma sha uku ne a duniya. Ɗaya na wajena. Mustashar yana da biyar ko shida. Madam Zizi da tana da uku da ta goya masa baya, ba ta yi ba. To sauran huɗu ko biyar ɗin suna ina? Ba su da wurin zama sai kan katakon can mai tsaga.

Na ce bismillah a zuci, na zaro ja na ajiye.

Mustashar ya wuce. Bashmuhandis bai ko jinkirta ba, ya sake ajiye kore. Madam Zizi ta cire tabarau ta ce, "Ya lahwi, Adil, ka shiga uku," ta wuce ita ma.

Abin da na gani bayan nan har in mutu ba zan manta ba. Tsohon ya fito da ƙaramin kur, irin da na taya, na ci, na mayar masa. Daga nan ya karɓi ragama. Duk tirefil ɗin da Mustashar ya fitar, akwai wanda ya fi shi yana jira a bayansa. Akwai inda ya ƙi ci da gangan, ya bar alƙali ya ci, don dole ya fito ta inda ba ya so. Kowane kati da ya jefa yana gaya mini wanda zan dawo da shi, ni kuwa ina bi kamar ɗalibi a gaban malami. Mutumin da aka ce bai san sunan 'yarsa ba yana riƙe da katuna hamsin da biyu a kansa, ya san inda kowanne yake kwana. A wasan nan tayin biyu alkawarin ci takwas ne, Mustashar kuwa da ƙyar ya tsira da biyar.

Bashmuhandis ya juya kai a hankali ya dubi abokinsa na shekara talatin, ɓarin bakinsa mai rai ya ɗaga, ya ce a sanyaye, "Ma'alish."

Mustashar ya fashe da dariya har da buga sanda a ƙasa. Madam Zizi tana dariya tana share ido. Ni kam kuka nake sosai, ban ɓoye ba.

Doktora Nahla ba ta yi dariya ba. Ta zagayo ta durƙusa a gaban keken, ta ce da Madam Zizi ba tare da ta dube ta ba, "Tun farko ya shirya wannan? Tun koren farko?"

"Tun koren farko. Ya san Habib zai ɗaga, ya san Adil ba shi da mafita. Haka yake yi wa mutane da mamanki, kina ƙarama kina barci a kujerar can."

Ta daɗe tana kallon ubanta. Sannan ta ciro takardar daga jaka, ta shimfiɗa a kan tebur a gabansa. Ta yi masa bayanin wurin, da lambu, da ma'aikatan jinya, da dalilinta, ba ta ɓoye komai ba. Rabon da wani ya yi masa doguwar magana irin ta manya haka, tun kafin ciwon. Ta ce, "Baba, ban tambaye ka ba. Yanzu ina tambayarka. Me ka ce?"

Ya karanta takardar har ƙasa, muna jira. Sai hannun hagun ya miƙa cikin akwati, ya wuce kore, ya zaro ja, ya ɗora a kan wurin sa hannu.

Ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, shi kuma yana shafa gashinta. Mustashar ya tattara katuna ya turo mini, ya ce, "Yalla ya Habib, raba. Wasa bai ƙare ba, kuma ina da ramuwa a kanka."

Na raba. A gidan nan Bashmuhandis ya zauna har Allah ya karɓi abinsa a shekarar da ta biyo, ranar wata Laraba.